Na Ce wa Baba Jininsa Ya Sauka

Ina da shekara goma sha tara lokacin da na samu gurbi a wata kwalejin gwamnati ta koyon aikin lafiya a nan Bauchi, a sashen kula da lafiyar al'umma. Ni ce babba a gidanmu, kuma ni ce mace ta farko a danginmu da ta wuce sakandare. Tun ina firamare an san ni da hali guda: ba a yi mini tambaya in ce ban sani ba. Malamai sun yaba mini a kan haka, 'yan ajinmu sun ji haushina a kan haka, ni kuwa na ɗauki abin ado. Na rubuto wa wannan mujalla ne domin in faɗi inda wannan hali ya kai ni. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin laifin da zan faɗa nawa ne.

Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne a Muda Lawal, masara da gero da dawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Ranar da na fara sa farin yunifom, ya tsaya a ƙofar gidanmu na Gwallameji ya dube ni sama da ƙasa, ya ce daga yau Uwata ta zama Likita. Na yi masa bayani cewa ba karatun likita nake ba, ya ce shi dai duk wanda ya sa fararen kaya ya taɓa marar lafiya, a wurinsa likita ne. Baba ya daɗe da hawan jini, kuma wata-wata yake zuwa asibiti a duba shi. Ya tsani wannan rana. Zai bi layi tun da sassafe, ba za a kira shi ba sai rana ta take, cinikin safe ya wuce shi. Ƙwayar da ake ba shi kuma tana sa shi yawan fitsari, alwala ba ta zama, ga makewayin kasuwa da nisa daga rumfarsa. Duk da haka yana sha, domin Umma tana tsaye a kansa.

A kwaleji muna da yawa ƙwarai. Idan ana lakca wasu a bakin taga suke tsayawa. Ranar da aka zo koya mana awon hawan jini, na'urorin da ke ɗakin gwaji ba su taka kara sun karya ba, sai aka jera mu layi-layi, kowa ya auna na kusa da shi. Ga wanda bai san yadda ake yi ba: ana naɗa maɗauri a damtsen mutum, a matsa wata roba iska ta cika shi, sannan a sa abin sauraren nan da likitoci ke ratayawa a wuya, a ɗora kansa a lanƙwasar hannu. Ana sakin iskar a hankali ana kallon allurar agogon. Inda aka fara jin bugu shi ne lambar sama, inda bugun ya ɗauke shi ne ta ƙasa. Aikin duka na kunne ne. Malamarmu ta ce akwai na'ura mai batir da ke nuna lamba da kanta, amma a ƙauyen da za a tura mu ba lallai mu same ta ba, don haka dole mu iya ta hannu. Mace ce mai ƙwazo da kaifin harshe. Wanda ya yi jinkiri takan tambaye shi ko gero ya zo shanya.

Wadda na auna ƙawata ce, 'yar wani soja da ke zaune a barikin Shadawanka, Kirista, mai Hausar bariki da yawan dariya. Da layi ya zo kaina, na sa abin sauraren a kan hijabina, domin akwai maza a ɗakin kuma ban ga yadda zan yaye kunnena ba. Na matsa roba, na saki iska. Ban ji komai ba sai kwashar-kwashar ɗin yadi da surutun 'yan aji. Allura ta sauka har ƙasa. Malama ta ce nawa. Bayana mutane sun ƙosa, wani yana cewa a yi sauri. Sai bakina ya faɗi lambar da ke cikin littafi, ɗari da ashirin bisa tamanin. Malama ta ce da kyau, na gaba. Ƙawata yarinya ce lafiyayya, lambar ta dace da ita, ba wanda ya yi shakka. Na koma wurin zamana ina ce wa kaina gobe zan koya sosai. Gobe ta zo aka shiga wani darasi.

Baba ya ji ina ba Umma labarin ƙarancin kayan aiki. Bayan 'yan kwanaki ya dawo daga kasuwa da kwali a hammata, ya ce ya je shagon wani Inyamuri mai sayar da kayan asibiti, ya ce a ba shi irin wadda ake koyo da ita, mai kyau. Na yi murna ta gaskiya. Na ja ƙanwata ɗaki, na rufe ƙofa, na cire ɗankwali, na sa abin a kunnena tsirara. Shiru. Na sake, shiru. Na canza hannu, na auna kaina, na ɗora a ƙirjina, ban ji ko alamar bugu ba. A nan ne tsoro ya kama ni. Ina ƙarama na yi ciwon kunne mai zubar da ruwa, sai na yanke wa kaina hukunci cewa kunnuwana ne suka lalace. Na taɓa jin ana cewa wanda ke da nakasar ji ba ya wannan aiki. Ban bincika ko gaskiya ba ne, ban tambayi kowa ba. Na ga kaina an kore ni daga kwaleji, na dawo gida da farin yunifom a jaka, Baba yana tsaye a ƙofar nan. Na mayar da na'urar cikin kwali, na fito ina murmushi.

Bayan la'asar Baba ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya naɗe hannun rigarsa, ya ce Likita ta fara da mai gida. Tun da na girma ban taɓa riƙe hannun mahaifina ba. Na naɗa maɗaurin. Da na fara matsa iska na ga ya ɗan yamutsa fuska, sai na tsaya, don kada in ji masa ciwo. Na saki iskar, na yi kamar ina saurare, har da lumshe ido kamar yadda Malama take yi. Umma tana tsaye da ludayi a hannu, ƙannena sun kewaye mu. Na faɗi wata lamba kusa da ta littafi, na ɗan ƙara kaɗan domin ta yi kama da ta dattijo. Baba ya tambaya ko hakan yana da kyau, na ce yana da kyau. Ya yi hamdala, ya ce rabonsa da jin irin wannan lamba tun kafin a haifi autarmu. Ya ce ashe jinin ya sauka ma'aikatan asibiti ba su gaya masa ba, suna ta wahalar da shi da layi.

Daga nan abu ya zama al'ada. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in auna shi, kuma ba da jimawa ba abokansa na kasuwa suka fara biyo shi gida. Sukan zauna a zaure, in fito da hijabi da na'urata, su miƙo hannu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani aminin Baba mai sayar da albasa, mutum mai ƙiba da barkwanci, wanda yakan ce in auna shi a hankali kada jininsa ya fasa mini agogo. Shi nakan ba shi lamba mai ɗan yawa saboda jikinsa, in ce ya rage gishiri. Siraran cikinsu kuwa in ba su ta littafi. Fuska nake dubawa in yanka lamba, kamar mai raba naman layya. Suna tafiya suna sa mini albarka, wani ya aiko da kaza, wani da turmin atamfa. Ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata yana jin daɗin abin. Ɗaya ɓangaren kuma yana ce mini zan gyara kafin a fara tura mu asibiti, ba wanda zai cutu, ai Baba yana shan maganinsa.

Sai Baba ya daina zuwa asibiti. Ya ce mai rijiya a gida ba ya bin layin famfo. Umma ta yi magana, ya ce mata ita da ba ta yi boko ba ta bar masu ilimi su yi aikinsu. Da ƙwayoyinsa suka ƙare bai sayo wasu ba. Ya ce jikinsa ya yi sakayau, alwalar azahar tana kai shi la'asar, abin da ya daɗe bai samu ba. Wannan ya tayar mini da hankali, domin ko a littafi an rubuta cewa mai hawan jini ba ya barin magani da ra'ayin kansa. Na same shi yana cin abinci, na durƙusa, na ce masa gara ya ci gaba da shan ƙwayar. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Ya hau ne, Uwata?"

Wannan ita ce ƙofar da Allah Ya buɗe mini. Kalma uku kacal nake bukata, in ce ban sani ba. Na dubi fuskarsa, na tuna yadda yake nuna ni ga abokansa, na ce, "A'a, Baba, bai hau ba." Ya ce to, maganin me zai sha, ya ci gaba da cin abincinsa.

An sake buɗe mini wata ƙofar. Wata Asabar ƙawata ta zo daga Shadawanka mu yi bitar jarrabawa, ta tarar da Baba a gida yana riƙe da ƙeyarsa, yana cewa zafin rana ne ya buge shi a kasuwa. Ta gaishe shi, ya tsokane ta da cewa sojoji sun iso, a ɓoye kaji. Ta yi dariya, ta ce Baba kawo hannu ita ma ta gwada nata ilimin, ta kai hannu ga kwalin na'urar. Na riga ta ɗauka. Na ce jiya-jiya na auna shi, lafiyarsa ƙalau, mu je mu yi karatu. Ta dube ni da mamaki, domin ba ta saba jin wannan murya daga gare ni ba, amma ba ta ja ba. Na ba Baba maganin ciwon kai. Abin da na ji tsoro a ranar shi ne kada ta samu wata lamba daban da tawa a gaban iyayena. Ban ji tsoron abin da lambar za ta nuna game da shi ba. Wannan ne abin da har yau ban iya yafe wa kaina ba.

Wata rana muna cikin lakca da hantsi aka kira ni a waya. Baba yana auna wa wata mata masara sai mudu ya suɓuce daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka ya kife a kan buhu. Maƙwabtansa na rumfa suka sa shi a keke mai ƙafa uku suka kai asibiti. Na isa da yunifom a jikina, ƙawata tana biye da ni. Na tarar da shi a kan gado, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, idonsa a buɗe yana kallona. Nas ta auna shi, ta faɗi lambar da ta haura ɗari biyu. Likita ya tambaya ko yana shan magani. Umma ta ce ya daina, domin jinin ya sauka, 'yarsa ce take auna shi duk mako, ga ta nan. Ba da zargi ta faɗa ba, da alfahari ta faɗa, tana neman a san cewa ba sakaci muka yi ba. Likitan ya dubi fararen kayana, ya tambaye ni yaushe na auna shi na ƙarshe kuma nawa na samu. Na faɗa masa. Ya juya ya ci gaba da ba nas umarni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da yamma, bayan an kwantar da shi a ɗakin maza, ƙawata ta ja ni baranda ta ce in gaya mata gaskiya. Na gaya mata cewa ban taɓa jin bugun ba, ko sau ɗaya, kunnuwana sun mutu. Ta ce in ba ta abin sauraren, domin na'urar tana cikin jakata. Ta sa a kunnenta, ta ƙwanƙwasa kansa da yatsa, ta ɗaure fuska. Sai ta kama kan ta murɗa shi, ya yi ƙas. Ashe irin mai fuska biyu ne, ana juya shi ne domin a buɗe ɓangaren da za a saurara da shi, nawa kuwa tun daga kwali a juye yake, ni kuma kullum rufaffen ɓangaren nake ɗorawa. Ta ce na makaranta a buɗe yake, hijabi da hayaniya ne suka hana ni ji a ranar. Ta sa mini a kunne ta ƙarƙashin hijabi, ta ja ni zuwa gadon Baba, ta naɗa maɗaurin a hannunsa na hagu, ta matsa iskar sosai, fiye da yadda na taɓa yarda in matsa masa. Ta ce in saurara. Allura ta fara sauka, sai na ji shi, dum, dum, dum, da ƙarfi kamar ana daka a maƙwabta. Bugun jini na farko da na taɓa ji a rayuwata na mahaifina ne, a kan gadon da na kwantar da shi. Abin da ya raba ni da wannan sauti duk watannin nan murɗawa ɗaya ce, wadda duk wanda na tambaya zai nuna mini.

Na gaya wa Umma washegari. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in ɗauki mayafina in bi gidajen abokan Baba ɗaya bayan ɗaya, in gaya wa kowannensu da bakina cewa lambar da na ba shi ba awo ba ce, ya je asibiti. Na roƙe ta ta aika ƙanena, ta ce ba shi ya auna su ba. Na je. Na durƙusa a zaure bayan zaure ina maimaita magana guda. Wasu sun ce ba komai, ƙuruciya ce. Wani ya tashi ya shige gida. Mai albasa, wanda na yi ta hana shi gishiri, da aka auna shi aka ce jininsa daidai yake. Wani siririn dattijo kuwa da nake ba lambar littafi, a ranar da ya je aka ɗora shi a kan magani. Mai albasa ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ya ce in biya shi miyar da ya sha lami, amma ko shi dariyar ba ta kai idonsa ba.

Na kuma je na sami Malama a ofis na faɗa mata. Na zaci za ta kai ni gaban hukumar kwaleji. Sai ta ce ita ma da nata kason, domin ta karɓi lamba daga bakina ba ta saurara tare da ni ba. A darasi na gaba ta rufe ƙofa, ta ce duk wanda bai taɓa jin bugun da kunnensa ba ya ɗaga hannu, ba za ta zagi kowa ba. Ni na fara ɗagawa. Hannayen da suka biyo bayan nawa sun ba ni tsoro.

Baba ya rayu, amma bai koma kasuwa ba. Ƙanena ne ya karɓi rumfar, karatunsa ya tsaya. Baba yana jan ƙafa da sanda, harshensa ya yi nauyi, hannun da yake auna hatsi da shi yana kwance a cinyarsa. Sai da ya dawo gida na iya gaya masa. Na faɗa masa komai, tun daga ranar layi a ɗakin gwaji har zuwa ranar da ya tambaye ni ko ya hau. Ya kawar da kai ya dubi bango. Kwanaki bai yi mini magana ba, in na kawo abinci sai ya jira Umma ta ba shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk wanda ya zo dubiya ya tambayi yadda aka yi, sai Baba ya ce taurin kansa ne, shi ya bar magani. Har wa mutanen da na durƙusa a zaurensu haka yake faɗa, su kuma su gyaɗa kai.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina wucewa ta tsakar gida, sai na ga ya sa haɓarsa ya tura hannun rigarsa na hagu sama, da ƙyar. Ya miƙo hannun. Na ɗauko na'urar, na durƙusa, na naɗa. Kafin in sa abin a kunne ya yi magana, kalma ɗaya-ɗaya, yadda harshensa ya ba shi dama.

"Uwata. In ba ki ji ba, ki ce ba ki ji ba."

Na matsa iskar har ya yamutsa fuska, ban tsaya ba. Na ji bugun, na faɗa masa lambar, kuma ba mai daɗi ba ce. Ya gyaɗa kai. Tun daga ranar da ya faɗi bai sake ce mini Likita ba, ni ma ban so ya sake ba.

Na gama karatu, yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti, kuma ɗalibai suna zuwa koyon aiki a hannuna. Na lura cewa wanda ya fi ba ni tsoro a cikinsu ba mai yawan tambaya ba ne, mai saurin amsa ne. Mu Hausawa mun iya rufa wa juna asiri, mun iya cewa da sauƙi ko da babu sauƙin, kuma ba ma son mu kunyata a gaban wanda ya yarda da mu. A wurare da yawa wannan kyakkyawan hali ne. A aikin lafiya yana iya kwantar da mutum. Ga 'yan'uwana ɗalibai, aji ya cika, kayan aiki sun yi kaɗan, malami yana sauri, duk gaskiya ne, amma kunyar da za ku ji idan kun ce ba ku gane ba ta yini ɗaya ce. Ga iyaye kuma, ɗanku da ya sa farin yunifom ɗalibi ne, kada ku bar likitanku da maganinku saboda shi, kada kuma ku ɗora masa sunan da zai ji nauyin saukewa. Ina roƙon masu karatu su sa mahaifina a addu'a. Har yanzu ni nake auna shi duk Juma'a, kuma kafin in ɗora abin a hannunsa sai na ƙwanƙwasa kansa da yatsa na ji ya amsa. Baba yana kallona ina yi, bai taɓa ce mini in yi sauri ba.